Dashen Lemun Baba

Kwana uku da tarewarsu a gidan bayan gari, kwalaye ma ba a gama kwancewa ba, Inna ta iso. Ɗanta, wanda har yanzu take kira Auta ko da yake furfura ta fara masa sallama, ya ɗauko mata jaka. Matarsa, nas a asibitin dabbobi, ta fito tarbarta, karnuka biyu na biye da ita. Na mahaifinta ne. Su kaɗai ya bar mata da ya rasu.

Inna ta ja da baya. "Auta! Me nake gani?"

"Ba sa cizo, Inna."

"Cizo na tambaye ka? Ashe don kare ta raba ka da gari! To ka ji: kwana bakwai zan yi. Ranar tafiyata, ko su bar gidan nan, ko su tafi da uwargijiyarsu. In ka zaɓi kare, ka manta kana da uwa."

Auta ya sunkuyar da kai. Nas ta shige kicin, ta buɗe famfo don kada a ji kukanta. Ya same ta a can.

"Sweety, ki yi haƙuri, zan lallashe ta."

"Da me? Ko kallonta ba ka iya yi."

Washegari Inna ta zaga lambun. Babba ne ƙwarai, da shingen waya a kewaye, wanda ya ɓalle a kusurwa ɗaya. Daf da ɗakin karnuka ta ga dashen lemu biyu, tsayin gwiwa. Auta ya ce daga bishiyar marigayi Baba, mahaifinsa, suke, wadda aka sare da aka rushe tsohon gidansu, kuma Nas ce ta raine su shekara biyu a cikin gwangwani.

"Itacen ubanka a gindin kare?" in ji Inna. Ta sa aka ɗaure karnukan a jikin ɗakinsu da sarƙa da kwaɗo, kamar yadda ta ga ana yi a birni, ta ƙulle mabuɗin a bakin zanenta. Da hannunta ta tone dashe ɗaya ta mayar da shi can jikin shinge. Bayanta ya riƙe, ta bar na biyun sai gobe.

"Inna," in ji Nas a hankali, "awakin maƙwabta ta nan suke shigowa. Shi ya sa na..."

"Ke za ki koya mini shuka? Kafin a haifi uwarki nake riƙe fartanya."

Da azahar, Auta na wurin aiki, Inna ta kishingiɗa. Sai haushi ya tashi, irin wanda ba a taɓa ji ba. Nas ta leƙa taga, ta ruga ɗakin Inna.

"Inna, mabuɗin! Awaki sun shigo!"

"Dabara ce. Ba zan ba ki ba."

"Don Allah, Inna!"

Inna ta juya mata baya. Nas ta suri tsintsiya ta fita ita kaɗai. Awaki goma sha huɗu ne. In ta kori uku, biyar su zago ta bayanta. Wayar shinge ta tsage mata ƙafa, ba ta tsaya ba.

Da Inna ta fito daga bisani, lambun ya zama fili. Dashen da ta mayar jikin shinge, kututture kawai ya rage, ɓawonsa a ɗaye. Amma kewaye da ɗakin karnuka akwai da'irar korayen tsirrai, daidai tsawon sarƙa, ba ƙari ba ragi. A tsakiyarta dashe na biyu na tsaye da ganyensa cif. Karnukan na kwance gefensa suna haki, wuyansu duk ya goge.

Inna ta matsa kusa. Ta dubi kututturen, ta dubi jinin da ke ƙafar surukarta.

"Me ya sa ba ki fasa kwaɗon ba? Ga guduma can."

"Ke kika ɗaure su, Inna. Ba zan kwance abin da kika ɗaure ba."

Tsohuwar ta zauna a kan bokiti, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka sare bishiyar. Sannan ta warware bakin zanenta ta miƙa mabuɗin.

"Ungo, 'yata. Amma ɗakina, ko inuwarsu kada ta shiga."

"Ko inuwarsu, Inna."

Da Auta ya dawo, ya tarar da uwarsa tana ɗaure wa matarsa ƙafa tana yi mata faɗan rashin sa takalmi. Ba a sake ƙirga kwana bakwai ba.

Wanda aka ƙi saurara, in ya haƙura bai rama ba, rana na zuwa da za a saurare shi. Sai dai sau da yawa, kafin ranar ta zo, an riga an yi asarar itace ɗaya.