Jirgin da Aka Cire wa Inji

Mu'azu yana gadin wani gidan kayan tarihi a bayan unguwar Mesaimeer, can ƙasar Larabawa, inda wani attajiri ya girke tsohon jirgin sama na gwaji. Siriri ne, hanci kamar allura, irin waɗanda suka fara tsere wa ƙarar kansu. Injin tuni an cire.

Bayan magariba aka bugo daga Gusau cewa yayansa Abdulbaƙi ya rasu, jana'iza sai da safe. Kafil, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ce babu izinin fita ƙasar, khalas, magana ta ƙare. Mu'azu bai yi kuka ba, ya sa kaki ya tafi aiki.

Dokar wurin ita ce duk zagaye mai gadi ya taɓa jirgin da bayan hannu, ya tabbatar na'urar sanyi tana aiki. Ya miƙa hannu ta saman igiyar da ta kewaye shi. Ƙarfen zafi zau, kamar yanzu ya sauka. Ga ƙamshin kafur.

Wani mai fararen kaya na tsaye ƙarƙashin fiffike.

"Malam, ba a tsallake igiya," in ji Mu'azu.

Da Hausa mutumin ya amsa, murya a toshe. "Kai dai da bin doka, sarkin tsoro. Hau mana, kafin asuba kana gida."

"Kujera ɗaya ce."

"Taka ce. Ni tawa tana can."

Mu'azu ya ɗaga ƙafa zai tsallake, tocilarsa ta haska ƙasa. Manyan yatsun ƙafar mutumin a ɗaure suke da farin ƙyalle. A na hagu akwai tabon fartanyar da Mu'azu ya sara wa Abdulbaƙi suna yara.