Kakin Zuma a Kwamfutar Alhaji Muhammad Amin

Sufeto Moutari ya shiga tsohon shagon hoto na Albarika. Gaban labulen nan mai zanen jirgi aka ɗauke shi hoton Sallah yana yaro, babansa na riƙe da hannunsa.

Mai shagon, Alhaji Muhammad Amin, ya nuna masa kwamfuta. Hotunan fataken goro na Djougou da ya gada, ya kwafe su a ciki kafin gara ta cinye na takarda, duk sun ɓace.

Ziyad mai gyara, wanda ya share mata ƙura ranar Talata, ya ce birus ne, cutar kwamfuta, ya shiga ta kile, ɗan abin nan da ake sokawa a jikinta a kwafi hotuna. Ai ya sha roƙon tsohon ya sa antibirus, ya ƙi.

"Masu sayar da maganin su ke ƙera cutar," in ji Alhaji. "Mu da goro, rufe kwando muke yi kada sankara ta shiga."

Sufeto ya juya injin. Babu intanet, kuma kowace ƙofar kile tsohon ya toshe ta da kakin zuma, kakin har ya yi baƙi. Sukurorin baya kuwa sabon karce ne a jikinsu.

"Ziyad, ta wace ƙofa birus ɗin ya shiga?"

Sufeto ya nuna masa kakin, sannan ya ƙara tambaya.

"Ina ka kwana ran Laraba?"

"Nan Parakou, ranka ya daɗe."

Amma maƙwabta sun gan shi a tashar motar Djougou. Can Sufeto ya nufa, gidan uwar Ziyad. Ya tarar da Hajiya Salamatu ta manna fuska a allon wata kwamfuta, don idonta ya kusa tafiya. Tana shafa hoton wani dogo kusa da jaki, tana cewa babanta ne.

A komisariya, ofishin 'yan sanda, Ziyad bai wahalar da kowa ba. Ya ce shi ya cire disk ɗin da hotunan ke ciki, ya sa wani fanko.

"Shekara da shekaru ina roƙon Baba Alhaji hoton kakana ɗaya saboda uwata. Ya ce ba zai ɓare kakin ba."

Sufeto ya ji tausayi ƙwarai, amma sata sata ce. Aka wuce da Ziyad ciki.

Da aka mayar da disk, Alhaji ya daɗe yana kallon dogon nan mai jaki. Sannan ya zaro tsinke, ya fara ƙwaƙule kakin, ya dubi Sufeto.

"Ɗana, ara mini kilenka. Ka kai wa Hajiya hoton tun tana gani."