Kuncin Hagu

"Ɗago haɓarki kaɗan. A'a, ya yi yawa! Sauke. Yauwa, tsaya haka, kada ki motsa!"

Auta ta ƙame a kan kujerar roba kamar wadda aka dasa. Mijinta, wanda duk unguwa ke kira Mai Hoto, tun da hantsi ya mayar da falonsu situdiyo. Ya ture kujeru gefe, ya kafe farin zanin gado a bango da ƙusa biyu, ya tsayar da fitilarsa mai lema a hannun damanta. Wani kamfanin shirya wasan kwaikwayo na talabijin ne ke neman sababbin fuskoki, kuma ƙarfe huɗu na yammacin ranar za su rufe karɓar hotuna. Sharaɗinsu a rubuce yake: hoto daga kafaɗa zuwa sama, fuska ta kalli kamara, ba kwalliya mai nauyi, ba gyara. Wadda hotonta ya yi musu ita za a kira gwaji.

Auta ta daɗe da wannan buri. Tun tana makaranta, in ta hau dandamali har malamai sai sun share hawaye. Amma shekara uku ke nan rabon da kamara ta kalle ta gaba da gaba. Akwai tabon ƙuna a kuncinta na hagu, daga gefen ido zuwa ƙasan kunne, faɗin yatsu uku. Wata shida da aurensu ta same shi a kicin ɗin surukarta, ranar da 'yar yayar mijinta, yarinya 'yar shekara biyu, ta kamo hannun kaskon mai yana tafasa. Auta ta fizge yarinyar, man ya sauka a kanta. Yarinya ko ɗigo bai taɓa ta ba, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar a gidan.

"Ɗan juya, ki ba ni ɓangaren dama," in ji Mai Hoto, ido ɗaya a bayan kamara.

"Gaba da gaba suka ce."

"Na sani, hasken ne bai zauna ba."

"Yallaɓai, shekara goma kana wannan sana'a, yau ne haske ya gagare ka?"

Ya yi dariyar yaƙe ya danna. Ƙyas! Ƙyas! Bai matsar da fitilar ba, don haka kuncin hagu ya zauna cikin inuwa. Mutum ne mai son matarsa, wannan ba shakka, sai dai a gaban mahaifiyarsa bakinsa nauyi gare shi. Shi ne ma jiya, a waya, zance ya kuɓuce masa ya faɗa wa mahaifiyar tasa abin da ake shirin yi.

Ƙarfe uku saura kwata aka turo ƙofa. Umma, mahaifiyar Mai Hoto, ce a gaba, Yaya, babbar yayarsa, tana biye da ita jaka a hammata.

"Iye! Ashe da gaske ne!" Yaya ta tafa hannu tana ƙare wa falon kallo. "Umma, kin gani ko? Har da su fitila! To, sannu tauraruwa."

Auta ta sauko daga kujera ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Umma. Ina wuni, Yaya."

"Lafiya," in ji Umma, idonta a kan kafaɗar Auta. Shekara uku ke nan haka take amsa gaisuwarta, ko ta kalli kafaɗa ko ta kalli ƙasa, kuma Auta ta daɗe da yanke wa kanta cewa ƙyama ce.

"Ni dai ba na ɓoye-ɓoye," Yaya ta ci gaba bayan ta zauna. "Fita a talabijin ba laifi ba ne, ina kallo kullum. Amma waɗanda ake nunawa kin ga fuskokinsu? Sumul! Ke kuma za ki je a haska ki duniya ta gani, gobe a riƙa tare mu a hanya ana cewa me ya sami matar ƙaninku? Haba, a riƙa tausaya mana mana!"

Auta ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta saci kallon mijinta ko zai ce wani abu, sai ta ga ya duƙufa yana goge gilashin kamarar da ba ta yi ƙura ba. Ta miƙe ta ce, "Bari in kawo muku ruwa."

Tana shiga kicin Umma ta yafito ɗanta.

"Zo nan. Ni ban hana ta ba, kuma ba zan hana ta ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Ka goge wannan abin daga hoton."

"Umma, sun ce ba gyara..."

"Su wa za su sani?" Yaya ta katse shi. "Kai da kake mayar da tsofaffi 'yan mata a hoton biki? Ni kaina ka rage mini shekara goma a hoton bara, har mijina ya tambayi ko ƙanwata ce!"

"Ka yi mini wannan," in ji Umma a hankali. "Ba zan iya ganinsa a talabijin ba."

Mai Hoto ya dubi agogo, ya dubi ƙofar kicin. Ya zare katin kamara ya sa a kwamfuta. Hannu ya riga ya saba, aikin da yake wa amare kullum ne: ya ɗebo fata daga kuncin dama ya shafa a na hagu, ya bi gefen ido ya daidaita. Cikin minti biyar wata kyakkyawar mace ta bayyana a allon, fuska sumul kamar ƙwai.

"Ka ga mutum!" in ji Yaya. "Yanzu na ji batu."

Ba wanda ya ji fitowar Auta. Tana tsaye a bayansu riƙe da faranti. Ta ajiye shi a kan tebur sannu a hankali.

"Yallaɓai, wace ce wannan?"

Ya zabura. "Auta, tsaya ki ji. Ɗan gyara ne kawai na yi, don..."

"Na ce wace ce? Don ni ban san ta ba."

Ta juya ta dubi bangon falon, inda hotunanta ke jere cikin firam. Na ranar da suka tare a gidan, na ranar da ta gama karatu, na bakin ƙofa da jan mayafi. Kullum tana wuce su, amma yau ne ta gan su da kyau. Duk wanda aka ɗauka bayan ƙunar, kuncin dama ne a ciki.

"Shekara uku," ta ce, hawaye na zubo mata. "Kullum ka ce juya kaɗan, haske ne. Ashe ba haske ba ne. Na jure kallon mutane a kasuwa, na jure yara suna nuna ni da yatsa, ina cewa ba komai, akwai mutum ɗaya da ke kallona yadda nake. Ashe kai ma kaucewa kake yi!"

"Wallahi ba haka ba ne!"

Ta shige ɗaki ta murza makulli. Ya bi ta ya tsaya a bakin ƙofa, agogo ya nuna uku da minti ashirin.

"Auta, don Allah buɗe. Ayam sori. Na ɗauka ke ce ba ki son ganinsa, shi ya sa nake kare ki."

"To, in sun kira ni gwaji, da wace fuskar zan je?" Muryarta ta fito daga bayan ƙofa a dishe. "Ka goge a kwamfuta, ni kuma a ina zan goge? Ga hotuna biyu nan a gabanka. Ka tura wanda ka ga dama. Wadda ka tura, ita ce matarka."

Maganar ta dake shi. Ya daɗe a tsaye, goshinsa jingine da ƙyauren, kunya ta rufe shi. Sai ya koma falo, ya zauna gaban kwamfuta ya warware duk abin da ya yi. Tabon ya dawo. Ya ƙara girman hoton har ya cika allon, ya juyo da shi wajen mahaifiyarsa.

"Kai, me kake yi haka?" in ji Yaya.

"Yaya, ki yi haƙuri, yau zan yi magana." Bai taɓa ɗaga ido a gabansu ba sai yau. "Wannan tabon da kike jin kunyarsa, na 'yarki ne. A fuskarta zai sauka. Yau tana makaranta da fuskarta lafiya lau, Auta ce ke ɗauke mata shi duk inda ta je. Ko sau ɗaya kin taɓa jin ta yi gori?"

Ya juya ga mahaifiyarsa.

"Umma, ban taɓa saɓa miki ba. Amma wannan ba zan iya ba. Don girman Allah ki kalle ta sau ɗaya."

Umma ta ɗago ido ta kalli allon. Sai ta fashe da kuka irin wanda 'ya'yanta ba su taɓa ji daga gare ta ba.

"Ni ce! Ni na bar hannun kaskon yana kallon ƙofa! Waya aka kira ni na fita, na ce yanzu zan dawo. Na bar ku kuna cewa tsautsayi ne, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk ranar da na kalli fuskar yarinyar nan, hannuna nake gani. Ba ƙyamarta nake ba, wallahi, kaina nake ƙyama!"

Makulli ya yi ƙara. Auta ta fito, idanu jajur, ta zo ta durƙusa a gabanta.

"Umma, ai na sani. Na ga fitarki a ranar."

"Kin sani? Shekara uku, kika yi shiru?"

"Me zan ce? Ba da gangan kika yi ba. Kuma ko yau aka sake, zan sake fizge ta. Ni abin da ya fi ƙunar ciwo shi ne da kika daina kallona."

Umma ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a kan kuncin hagu, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce cikin shessheƙa, "Ki yafe mini, ƙanwata. Bakina ne ba shi da birki."

"Huɗu saura ashirin!" Mai Hoto ya daka tsalle. "Auta, wanke fuska, sabo za mu ɗauka. A wancan na ɓoye rabinki a inuwa."

Gida ya hargitse. Yaya ta ruga ta jiƙo tawul da ruwan sanyi tana danna wa Auta a idanu don kumburin ya sauka. Fitila ɗaya ce, ba ta isa ta haska ɓangare biyu ba, sai Mai Hoto ya zaro farin kwali daga bayan kabad, wanda ke mayar da haske. Yana neman inda zai jingina shi Umma ta karɓe.

"Kawo. A ina zan tsaya?"

"Ta hagunta, Umma. Ɗaga sama kaɗan. Karkato shi... yauwa!"

Haske ya faɗa a kan tabon, kowane layi nasa ya fito. Auta ta kai hannu za ta janyo mayafi kamar yadda ta saba, Umma ta sa hannu ɗaya ta mayar da shi baya.

"Bar shi a buɗe, 'yata."

Mai Hoto ya leƙa ta cikin kamara, ya ga matarsa gaba da gaba, sai gilashin ya yi masa hazo. Ya share ido da hannun riga. "Kalle ni, Auta. Ni ma ina kallonki." Ƙyas!

Saura minti bakwai ya danna turawa a wayarsa, sai netwok ya ce bai san zancen ba. Saƙon ya tsaya a rabi. Yaya ta fizge wayar ta haye kan kujera ta ɗaga ta jikin taga tana salati, Umma na riƙe da ƙafafun kujerar. Saura minti biyu saƙon ya tafi, gaba ɗaya suka zube a ƙasa suna dariya da hawaye.

Kwana tara bayan haka aka kira Auta gwaji. Matar da ke zaɓen 'yan wasa ta dube ta, ta dubi hoton da ke hannunta, ta ce tun safe take ganin mutanen da ba su yi kama da hotunansu ba, sai yanzu ta ga wadda ta shigo da fuskar da ta aiko. Auta ta yi wasanta, aka ba ta matsayin ma'aikaciyar jinya a shirin. Ranar da aka fara nunawa, Umma ce a kujerar gaba, kuma ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Mai Hoto ya sauke tsofaffin firam ɗin bango ya rataya sabon hoton shi kaɗai. Haƙurin da Auta ta yi shekara uku, ba gori ba tonon asiri, shi ya dawo mata da mijinta da surukarta a rana ɗaya. Wanda ke sonki da gaske ba zai goge tabonki don ya iya kallonki ba. Zai kunna fitila ya dube ki gaba da gaba, ya ce wannan ce tawa.