Saurayin Da Ba Shi Da Ofis

Radiyya na zaune a tsakar gida da faranti a cinya, wai tana tsince shinkafa, amma kunnuwanta duka suna zaure. Tun ɗazu take zubar da shinkafar tana mayar da tsakuwa cikin faranti, ba ta ma sani ba.

A zauren, Babanta Malam Abdulsalam ne da ƙanensa Baffa Bashir, kuma maganar saurayinta Mansir ake yi.

"Na je unguwarsu, Tirwun," in ji Baffa. "Gidansu gidan mutunci ne, Yaya. Liman ma ya yabe shi. Sai na ce a nuna min wurin aikinsa. Wai ba shi da wurin aiki!"

"Ba shi da aiki dai."

"A'a, aiki akwai. Wurin ne babu. Wai a cikin jakarsa aikin yake. Yau yana Jos, gobe Yankari, bara har wata ƙasa ya je, ya zauna a gindin bishiya yana danna kwamfuta, turawa suna masa magana."

Baba ya yi gyaran murya irin wadda duk gidan suka san ba alheri ke biye da ita ba.

Al'adar gidan Malam Abdulsalam ce, kuma kowa a Ƙofar Dumi ya san ta: duk wanda ya zo neman 'yarsa, sai Baffa Bashir ya taka har wurin aikinsa. Ba manyan ofis yake tambaya ba. Wajen maigadi yake zama, ya sayi goro su ɓara, ya ji ko mutumin yana sallah, ko yana gaida na ƙasa da shi, ko yana da zafin hannu. Haka aka yi wa mijin Yaya Khairat, babbar yayar Radiyya, har sai da masinjan sakatariya ya rantse da Allah. To yau ga saurayi ya zo babu maigadi, babu masinja, babu ko ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Baba ya shigo yana gyara babbar riga. "Ke Radiyya! Kawo wayar nan."

"Baba, wallahi aikin gaskiya yake yi! Onlayin ne, manhajar waya yake zana wa wani kamfani a Nairobi, su ma ma'aikatan kowa a garinsa yake..."

"Onlayin! Yaron gidan Alhaji na bayan masallaci ma onlayin aka ce yana yi, har ranar da aka zo aka tafi da shi da ankwa. Ni ba zan ba ɗan yahu 'yata ba. In ma ba yahu ba ne, ɗan yawon duniya ne. Ina zai ajiye ki? A tasha?"

Ta miƙa wayar da hannu biyu, hawaye na zuba a kan shinkafar.

"Daga yau ba fita, ba waya, har sai na ga ofishinsa da idona ko idon Bashir. In babu, ya nemi wata."

* * *

Wayyo Radiyya! Yarinyar da ta yi shekarun jami'a tana hawa keke-nafef zuwa Gubi tana dawowa, iska na kaɗa mayafinta, yau ga ta duniyarta ta dawo daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa bakin rijiya. A can Gubin suka haɗu da Mansir, kuma abin da ya fara sace zuciyarta shi ne yadda yake ba da labarin garuruwa kamar ya ɗauko su a aljihu. Ya yi mata alkawarin in an ɗaura, ita ma zai koya mata aikin, su riƙa tafiya tare. Ta sha kwanciya tana ganin kanta a bakin teku da laftof a gabanta.

Yanzu kuwa ko bakin lungu ba ta gani. Katangar gidan doguwa ce, ta ƙasa, sama kawai ake hange, shi ma ɗan yanki. Tana jin ƙarar babura suna wucewa, tana jin yara suna tashi daga makarantar allo, tana jin mai ƙosai tana kiran ciniki, kowa yana zuwa wani wuri sai ita. Damina ta shigo ta tarar da ita a nan, gero ya yi tsawo a gonakin bayan gari ba ta gani ba. Ta rame, ta yi zuru-zuru, zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har da saura.

Umma kan zauna kusa da ita ta ce, "Ki yi haƙuri, uwata. Babanki ba ƙinki yake yi ba, tsoro yake ji."

"Umma, haƙurin har yaushe? Ofishin da babu shi ta ina zai fito?"

Umma ta ja ta zuwa jikinta.

Ran nan Yaya Khairat ta zo wuni. Suna shiga ɗaki ta tura ƙofa, ta zaro wayarta daga jaka.

"Maza, ga shi a layi. Kin ga an samu mafita. Abokinsa Lucky, mai shagon buga takardu a Wunti, ya ce zai ba shi aron shagon na yini guda. A liƙa allo da sunan kamfani, a sa tebur, a samo wani tsoho ya zauna a ƙofa a matsayin maigadi. Baffa ya je ya ɓara goronsa ya dawo, shi ke nan. Amma gogan naki ya ƙi!"

Radiyya ta fizge wayar. Muryarsa kawai ta ji, kuka ya ƙwace mata.

"Mansir, don Allah ka yarda! Yini ɗaya ne fa! Ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, aikin kana yinsa!"

"Radiyya, ki saurare ni. Lucky don ƙauna ya faɗa, na gode masa. Amma dattijon nan zai taho da ƙafarsa, ya zauna, ya yarda da abin da ya gani, ni kuma ina kallonsa na san wasan kwaikwayo ne. Gobe in ya zama surukina da wane ido zan gaishe shi?"

"Kai kana can kana shan iska! Yau kana ina ma?"

Ya ce, "Ina Jos."

"Ka ji ko! Kana Jos! Ni kuwa ko ƙofar gida ban isa in leƙa ba. Ka san yadda ake ji mutum ya wayi gari ya san duk abin da zai gani yau shi ne abin da ya gani jiya? Ba ka sona, Mansir, da kana sona da ka fitar da ni!"

"Ina sonki, shi ya sa ba zan fitar da ke ta ƙofar ƙarya ba. Suna zargina da damfara, kina so in wanke kaina da damfara?"

Ta kashe wayar ta jefa kan katifa. Haushinsa ta ji, haushi na gaske, don ta san gaskiya ya faɗa kuma gaskiyar ba ta buɗe mata ƙofa ba. Ta kifa kai a cinyar yayarta ta yi kuka har aka kira la'asar.

* * *

Baffa Bashir ne ya gaji da ganin yarinyar tana ƙarewa. Shi tsohon direban babbar mota ne, ya yi ƙuruciyarsa yana ɗauko goro daga Kudu, kuma mutum ne mai son raha ko a gidan makoki. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ce wa yayansa:

"Yaya, ni ma fa da nake tuƙi ba ni da ofis. Duk yaran motar da na yi, a hanya na san na kirki da na banza. Tunda yaron nan hanya ce wurin aikinsa, zan bi shi. An ce zai hau Gembu, can kan tsaunin Mambila. A sa ni a mota."

"Da hawan jininka?"

"Da shi. Ai shi ma bai taɓa ganin Mambila ba."

Haka aka yi. Radiyya daga bakin Umma ta ji sun tafi. Daga ranar ta daina kuka, ta koma sallah da addu'a, don ta gane yanzu ba abin da ya rage a hannunta. Kwanakin da aka ce za su yi suka cika suka wuce, ba su dawo ba. Baba ya riƙa shiga yana fita fuska a murtuke.

Da hantsi wata Laraba ta ji tsayuwar mota a bakin lungu, sannan ta ji sallamar Baffa. Muryar ta yi sanyi, ba irin tasa ba. Ta saki tsintsiya ta lallaɓa ta manna da bangon zaure.

"Sannu Bashir. Ka ga yadda ka faɗa kuwa?"

"Na ga lahira na dawo, Yaya. Bari in ba ka labari tiryan-tiryan. Aiki dai yaron yana yi, na gani. Ya kafa kwamfutarsa a barandar masauki, sanyi kamar zai tsinke yatsu, yana ta zane-zane, mutane suna fitowa a gilashi kamar hotunan fasfo, baƙi da farare, har da wata mai ɗankwali. In lokacin sallah ya yi, sai ya ce musu su jira, kuma su jira ɗin. In netwok ya ɗauke, ya saɓi jaka ya hau tudu kamar mai neman ɓatacciyar akuya."

Radiyya ta toshe baki, dariya da hawaye suka haɗu mata.

"To akwai wani babban mitin da ya yi ta shiri dominsa. Ya ce min a nan za a yanke ko kamfanin zai ci gaba da shi ko zai ɗauki wani. Ranar da safe na tashi zan yi alwala, sai na ji ƙasa ta juya. Ban sake sanin inda nake ba. Masu masaukin ne suka ba ni labari: wai saura kaɗan a fara, ya riga ya saka abin jin magana a kunne. Ya cire ya yar, ya goya ni a bayansa har bakin titi. Ni fa, Yaya, da wannan tumbin! Ya yini a tsaye a asibiti, shi ne wanke ni, shi ne ba ni kunu a baki."

"Allah Sarki. Mitin ɗin fa?"

"Bai ce min komai ba. Ni na lura kwamfutar ta kwana biyu a rufe, na matsa masa. Sai ya yi murmushi ya ce sun ɗauki wani."

Radiyya ta jingina da bango. Ta zame ta zauna a ƙasa. Shi ke nan, ta ce a ranta. Da ana cewa ba ofis, yanzu aikin ma ya tafi.

Baba ma abin da ya faɗa ke nan. "To Bashir, yanzu ke nan ba ofis, ba aiki?"

"Ba ofis, ba aiki," in ji Baffa. "Ka ba shi ita, Yaya. Na sha zama da masu gadi ina tambayar ko mutum yana tausayin na ƙasa da shi. Wannan karon ni ne a ƙasa, a kan siminti, ba na iya ko ɗaga hannu. Ni na je bincikensa, ya san da bakina zan iya raba shi da yarinyar. Kuma da na tambaye shi me zan faɗa maka, ya ce in faɗi gaskiya, har da korar. Aiki zai samu wani. Irin wannan yaron ne ban san inda za ka samo wani ba."

Can sai Baba ya ɗaga murya:

"Ke mai laɓe a bayan bango! Na san kina nan. Shigo."

Ta shiga ta durƙusa kanta a ƙasa. Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro wayarta ya ajiye a gabanta. Idonsa ya yi ja.

"Ki kira shi. Ki ce ya turo magabatansa. Na tsare ki don ina tsoron wanda zai yar da ke a hanya, ashe wanda zai goya ki ne na hana shiga."

Radiyya ta fashe da kuka, ta rarrafa ta kama ƙafar Baffa tana yi masa sannu. Shi kuwa ya ce ta sake shi, bayan yaron ne ya kamata a je a yi wa sannu.

Ba a yi auren da wuri ba, don sai da Mansir ya sha neman aiki, ana ce masa a'a yana sake nema, Radiyya na ƙarfafa masa gwiwa ta waya. Bayan ƙaramar sallah wani kamfanin ya ɗauke shi, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Abdulsalam, Lucky ne ma ya buga katin gayyata kyauta. Da suka keɓe, abin da amarya ta fara ce wa angonta shi ne ya yafe mata ranar da ta ce ba ya sonta.

"Da na bi maganarki," in ji shi yana dariya, "da yanzu muna biyan tsohon maigadi kuɗin rufe baki."

To 'yan'uwana matasa, zamani ya zo da sana'o'in da iyayenmu ba su san su ba, kuma tsoron da suke ji ba ƙiyayya ba ce. Kada ƙuncin jira ya sa ku saya musu ƙarya don su kwantar da hankali. Ku yi haƙuri, ku bar su su ga halinku da idonsu, ko da hakan zai ci muku abin da kuke ji da shi. Ku kuma iyaye, a duba mutum kafin a duba teburinsa.

A nan na ajiye alƙalamina. Allah Ya haɗa kowa da abokin tafiya nagari, amin.