Littafin Kakar Lanying

A bakin titin Gyadi-Gyadi Misbahu ya fara ganin Lanying, 'yar China, tana faɗa da mai adaidaita da Hausar da ta koya a shagon atamfar mahaifinta. Ya shiga rabo. Ba ta gode ba, amma ta ba shi lambarta.

Wata huɗu suna soyayya, ba wanda ya huta a cikinsu.

"Sarkin shisshigi, ka gaya wa Baba?" ta rubuto.

"Gobe, tauraruwata."

"Jiya ma gobe ka ce."

Ranar da ya faɗi maganar aurenta, mahaifinsa Malam Ƙasimu, wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau bakwai, ko alƙalami bai ajiye ba.

"Kirista ko Bayahudiya, shari'a ta yarda. Amma mutanen China ba su da littafi. Kowa ya sani."

Kowa kuwa ya sani a Tarauni, ko da yake ba wanda ya taɓa tambaya.

Misbahu ya kai mata maganar, ta ɗauka har da ra'ayinsa. Kwana tara ba ta ɗaga waya ba. Ya rame, ya dinga zagaya layinsu.

A na goma ta zo zauren Malam da kanta, da mayafin aro. Ta durƙusa ta kwance wani ƙunshi.

"Baba, a garinmu Wenzhou kakanninmu sun fi shekara ɗari suna bin Almasihu. A zamanin kakata aka rufe coci, aka ƙone littattafai. Wannan Linjila ce, ita ta rubuta daga abin da ta haddace."

Malam bai san ko harafi ɗaya na rubutun China ba, amma ya dinga juya takardun har ya zo wani wuri fari.

"Nan fa?"

"Ayar ce ta kuɓuce mata. Ta ce ba za ta ƙaga wa Allah magana ba."

Malam ya shafa gurbin da yatsa. Haka malaminsa ya hore shi: in ka yi shakka, bar gurbi.

"Misbahu, je ka ce wa Innarka ta yi baƙuwa."

Mahaifinta ya yi tasa gardamar, ya ce sai an bar mata Lahadinta. Aka bar mata.

A Darmanawa aka ɗaura aure. Malam ya sa musu albarka, sannan ya miƙa wa amarya sabuwar gafaka ta jar fata.

"'Yata, daina naɗe littafin kakarki a zani. Garar Kano ba ta san darajar takarda ba."