Farashi Marar Rufi

Duk wanda ya san Wendell Pruitt a birnin Toledo ya san mutum ne da ba ya ƙoshi. Shagonsa a intanet yake, yana sayar da janareta da hitar ɗumama ɗaki da batir, kuma shi ya rubuta manhajar da ke sauya farashi: sanyi ya tsananta kaya su hau, rana ta fito su sauka. Ci da sha ba su gagare shi ba, amma ina, gani yake cutarsa ake yi, tunda manhajar canke kawai take yi.

Wani direba ne ya kwatanta masa tsoho Crandall, wani hatsabibin boka, a bayan wata mahauta da aka daɗe da rufewa. Da rana tsaka ya je, amma ciki duhu dunɗum. Ƙugiyoyin rataye nama suna nan, an soke musu takardun farashi na shagunan da suka mutu. A tsakiya akwai sikelin nama shafe da kitse da toka, allurarsa tana rawa ba komai a kai.

"Me ke tafe da kai, ɗan nan?" in ji tsohon.

"So nake in san iyakar abin da kowa zai iya bayarwa."

"Ka sa wa farashinka rufi, iyakar da ba zai wuce ba?"

"Kowa yana sawa, don kada lissafi ya haukace."

"Cire shi. Sannan duk sunan da ke cikin shagonka mai saye ne, kuma zai biya."

Wendell ya yi dariya. "Su biya mana. Na san su ne?"

Tsohon ya ɗora kwamfutar Wendell a kan sikelin, ya tsaga masa babban yatsa, ya sa ya goge rufin da jinin yana ɗiga. Allurar ta tsaya cak.

Sanyin shekarar ya zo da mugunta, wuta ta ɗauke a jihohi da dama. Manhajar ta san mai jariri a gida, ta san mai tsohuwa kwance, kowa ta yanka masa daidai wuyansa. Kafin ƙanƙara ta narke Wendell ya sayi gida a bakin tafki.

To, ga abin da wawan ya manta. Lokacin da yake rubuta manhajar ya buɗe asusun gwaji, kamar yadda duk masu sana'ar suke yi, kuma don lalaci ya sa sunayen da suka fara zuwa bakinsa: mahaifinsa Orville, matarsa Lorna, 'yarsu Maribeth. Manhajar kuwa takan yi sayen gwaji da sunayen ita kaɗai.

Orville aka fara tsinta a kujerarsa, numfashi ya ƙare. Da Wendell ya duba asusun mai sunan mahaifin, ba dala a gurbin farashi, an dai rubuta "an biya". Bayansa sai Lorna. Ta soma bin gida tana manna wa komai takardar farashi, har goshin 'yarta, tana cewa, "Wannan ta yi araha, Wendell, ƙara mata." Asibitin mahaukata aka kai ta.

Ya yi ƙoƙarin goge asusun Maribeth, manhajar ta ƙi, wai akwai ciniki a buɗe. Yarinyar ta fara ramewa, likitoci suka rasa gane kanta. Tsoro ya kama shi sosai, ya koma mahauta.

"Nawa zan fanshe ta?"

Crandall ya dubi allurar. "Shagon, duka. Da gidan."

"Haba dattijo. Rabin shagon dai."

"Ba ni na yanka ba. Iyakarka ce, sikeli ya gani."

Wallahi yana son yarinyar, kada a ce ba ya so. Amma ɗan kasuwa ne, ya san dabarar da kwastomomi suke masa: su zuba kaya a kwando su tafi kamar ba su damu ba, sai shago ya biyo su da ragi. Ya ɗauki hularsa ya ce, "Bari in yi tunani."

Ya zauna a gefen gadonta yana latsa waya, yana jiran saƙon ragi.

"Baba, wa kake jira?" in ji Maribeth, muryarta da ƙyar take fita.

"Wani ciniki ne, 'yata. Yanzu zai faɗo."

Saƙon ya shigo kuwa. Ya buɗe da sauri. An rubuta: "Abin da ka bari a kwando ya ƙare." Ya ɗago kai, idanunta suna kansa, amma ba ta ganinsa, rai ya yi halinsa.

Shagon ma bai tsira ba. Mutanen da ya tatsa suka haɗu suka maka shi a kotu, aka kwashe komai har gidan. Yanzu a tashar bas yake yini, yana latsa matacciyar waya, yana tare matafiya yana ce musu ya yarda, zai biya duka.

Ku masu zama gaban kwamfuta kuna auna wuyan bayin Allah, ku ji da kyau. Haɗama ba ta san na gida ba, kuma ranar da aka yanka muku naku farashin, ba wanda zai rage muku ko sisi.