Saura Minti Huɗu

Abdulhakeem ya gaji da sakacin ma'aikatan wani ƙaramin asibiti kusa da Kalgo, inda yake aikin kula da kwamfuta. Rajistar marasa lafiya tana ajiye a intanet, kuma manhajar da ke kula da ita takan goge sunayen mamata da kanta duk tsakar dare. Sau biyu tana goge masu rai, don wani ya yi kasalar duba takarda. Ran nan sai ya dakatar da ita na awa biyu, ya zauna shi kaɗai yana tantance sunayen.

Gab da ƙarfe biyu kwaɗin fadama suka yi tsit. Ƙamshin kafur ya cika ofishin.

"Salamu alaikum, ɗana."

Wata tsohuwa ce a bakin ƙofa, lulluɓe da farin zane. Bai ji takunta a kan tsakuwa ba.

"Inna, ai an tashi. Lafiya?"

"Kai ka tsai da abin ga, shi ya sa na samu hanya. Kar ka tashe shi. Ban gama sallama da jikokina ba."

"Sunanki?"

"Huseina Sambo, daga Dangoma."

Ya dubi kwamfutar. Sunan yana layin farko na waɗanda za a goge, an rubuta ta rasu jiya da la'asar. A gefe, agogon dakatarwar yana nuna saura minti huɗu. Ya sauke ido. Zanen ya tsaya taƙi guda sama da siminti, babu komai a ƙarƙashinsa.

"Ƙara min lokaci, ɗana," ta ce, daga bayan kunnensa.